Tsakar Gida a Hawa na Uku

Inna ba ta zama a kujera. Tun tasowata a Malbaza a ƙasa na san ta, kan tabarma ƙarƙashin dogonyaron tsakar gidanmu, ƙafafu a miƙe, buta a gefe, awakinta na tuƙa a bayanta. Nan take tsince wake, nan take amsa gaisuwa, nan kuma take yi mini faɗa. Ɗaki wurin kwana ne kawai, shi ma sai ruwan sama ya kore ta. Ƙurar luzin, masana'antar simintin da Baba ya yi wa aiki har ya rasu, kullum sai ta sauka a kan tabarmar, ta kakkaɓe ta sake zama.

Mu biyu ne ƴaƴanta da suka rayu. Yaya yana Kwatano, yana aikin fito da motoci daga tashar jirgin ruwa. Ni kuma malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a nan gida, don haka ni na rage a gabanta bayan rasuwar Baba. Gwiwoyinta sun lalace, ga hawan jini. Ni ke kai ta likita, ni ke tuna mata magani, ni ke ɗaga ta in za ta kewaya. Maigidana majo ne, wato babban malamin asibiti, kuma aka mayar da shi likitar Ilela, tamu ta wajen Badagishiri, ba wadda ke tsallaken iyaka ba. Ya ce in nemi canjin wurin aiki mu koma can gaba ɗaya, har da Inna. Na kai mata maganar da murnata.

"In tahi in zamna gidan suruki?" in ji ta. "Shi shigo shi iske ni miƙe da ƙahwa? Ke, kina da hankali kuwa?"

Nan maganar ta mutu. Uwa tana zama gidan ɗanta, ba ta zama gidan mijin ɗiyarta. Kowa ya san haka a garinmu, har ni da na tambaya. Sai na zama matar hanya. In na samu wadda za ta kwana da Inna, ran Juma'a da yamma in kwashi yara mu hau mota zuwa Tsarnawa, mu jira motar Tawa ta cika, mu sauka Badagishiri, mu sake jira. Ran Lahadi mu juyo, kaya duk ƙura, ƙaramin yana kuka shi wurin babansa zai zauna. Litinin in tsaya gaban allo da gajiyar hanya. Aure ne dai da sunansa, amma ni da mijina mun koma kamar masu kai wa juna ziyara, kuma na gaji.

Ana cikin haka Yaya ya zo babbar sallah da wata doguwar takarda a naɗe. Ya baje ta a kan tabarmar Inna, ya danne gefunan da buta da takalminsa. Ya ce ya sayi gida a Kwatano. Na ce ma sha Allah, yaushe za su tare? Ya ce ai ba a gina ba tukuna, yanzu ma ake share filin. Wani kamfani ne zai yi bene mai hawa da yawa, kowa ya zaɓi nasa a takarda ya fara biya, in an gama a ba shi makulli.

"Wato ka sayi zane ke nan," na ce masa.

"Ke dai ba ki san yadda duniya ke tafiya yanzu ba, malama. Haka manya ke yi."

Ya ce ya zaɓi hawa na uku don ƙasa ruwa na shiga da damina, ga sauro. Matakala kuma ba matsala ba ce, za a sa na'urar da ke ɗaukar mutum ta kai shi sama. Ya nuna falo, ya nuna ɗakinsa, ya nuna na yara, sannan ya ɗora yatsa kan wani ɗaki ya ce wannan na Inna ne. Za ta koma wurinsa, kusa da manyan likitoci, ni kuma in je in zauna da mijina kamar kowa.

Yaya ɗan fari ne, don haka Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, ko yana gabanta ta kaina take bi in za ta yi masa magana. Ta dubi takardar a kaikaice ta ce mini:

"Ki tambai shi, ina tsakar gidan?"

Yaya ya yi dariya, ya ce ga ta nan. A tsakiyar zanen akwai wani fili mai kusurwa huɗu, babu komai a cikinsa, ɗakuna sun kewaye shi, an rubuta *cour* a kai. Na karanta da idona. Tun muna ajin farko aka koya mana cewa *cour* ita ce tsakar gida, ni ma haka nake koya wa yara. Yaya ya ce har mai sayarwa ya tambaya, ya ce masa lallai akwai, kuma tagar ɗakin Inna cikinta take kallo. Tunda a zanen hawanmu aka sa ta, tsakanin ɗakunanmu, ai tamu ce. Mun san benayen ƴan kasuwar Ƙonni da ake barin fili a sama, mata su yi shanya, a shimfiɗa tabarma da zafi. Irinsa muka hango dukanmu.

Inna ta daɗe tana kallon wannan filin. Ta auna shi da ɗan yatsanta, ta auna ɗakinta, ta ga ya fi ɗakin girma.

"Ki ce mishi na ji. In an gama, ina zuwa."

Ranar har rawa na taka a madafa, ni kaɗai.

Kamfanin ya ce shekara guda. To, shekarar ta zo ta wuce. Yaya ya bugo waya a telesantar, shagon waya na bakin kasuwa, lokacin ba mu da salula, ya ce an tsaya saboda siminti ya yi wuya. Na ce ya zo Malbaza ya ɗiba, mu nan shaƙarsa muke yi kyauta. Wata shekarar ya ce rigimar fili ce. Wata kuma ya ce mai aikin ya gudu an kawo wani. In na tambaye shi ko ya shiga ya gani, sai ya ce an kewaye wurin da kwano, ba a barin kowa, amma daga titi ana hango ginin yana tashi. Kowace shekara in nemi canji zuwa Ilela, in hutu ya ƙarato in koma buro, ofishin masu kula da malamai, in ce a janye. Har mutumin da ke wurin ya san ni, da ya hango ni sai ya ce, "Madam, an fasa kuma?" Ina murmushi, amma wallahi ji nake kamar in kifa masa mari.

Maigidana mutum ne mai haƙuri, sai dai haƙurinsa irin na shiru ne. Da farko yakan tambaya ina labarin gidan Kwatano. Daga baya ya daina. In na je sai in tarar ya koyi dafa shinkafarsa, ya saba da cin abinci shi kaɗai, har in rasa inda zan sa hannu a gidan da ake cewa nawa ne. Wannan ya fi faɗa ci mini rai.

Ita kuwa Inna ba ta ƙosa ba ko kaɗan. Gidan takarda ya zama abin hirarta. Ta sa aka sassaƙa mata ƙaramin turmi. Ta yi saƙon sababbin tabarmi daga Madawa, ta hana a shimfiɗa su. Ta ɗaure irin zogale a tsumma, ta ce ko a tsohon bokiti za ta shuka. Maƙwabta in sun shigo sai ta ce, "Wancan yaron ya yi min tsakar gida a sama, inda iska ya ke." Su ce kai, Hajiya, kin huta. Takan tambaye ni ko rana na faɗowa ciki da hantsi, ko akwai inda za a ɗaura igiyar shanya. Ni ina zan sani? Sai in ce akwai mana, Inna.

Da aka ba Yaya makulli, lokacin salula ta shigo, ya kira ni a tawa. Muryarsa ba ta yi mini kama da ta wanda ya samu gida ba, amma na ɗauka gajiya ce. Ya ce mu zo da an yi babban hutu. A wannan karon ban janye neman canjina ba, kuma aka amince. Inna ta ba maƙwabciya awakinta, ta sa aka zagaya da ita gida gida ta yi bankwana, tana neman gafara, mata na kuka. Na kai yara Ilela wurin babansu, na dawo na ɗauke ta.

Tafiyar ba sai na faɗa ba. Ƙonni, Doso, Gaya, a sauka a iyaka, a sake hawa, ga turmi ga tabarmi, ga tsohuwa da gwiwa. Duk inda aka tsaya sai na nemi wanda zai kama mini ita. Ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ko sau ɗaya ba ta yi ƙorafi ba, ni ce ma nake ta tsaki.

Ginin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Fari fat, ƙofar ƙarfe, ga maigadi. Na tambayi Yaya ina na'urar hawan. Ya nuna mini wani wuri da aka toshe da katako, ya ce ba a kawo ba tukuna, ana jira. Shi da maigadin suka ɗora Inna a kujerar roba suka hau da ita, ta rufe fuska da mayafi don kunya. Matar Yaya, mutuniyar kirki, ta tarbe mu da ruwan sanyi da lale marhabin. Inna ta sha ruwa, ta huta, sannan ta ce mini:

"Ki ce su gwada min wurin."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ya shige gaba zuwa ɗakin Inna, ya buɗe taga, ya ja gefe ya tsaya. Ni na fara leƙawa. Rami ne. Rami mai kusurwa huɗu, daidai yadda aka zana shi, ya taso tun daga ƙasa har rufin ginin. Bangonsa duk bututan ruwa da injinan sanyaya ɗaki suna ɗiga. Can ƙasa siminti ne jiƙe, da buhunan banza da magina suka bari. In ka ɗaga kai ka hango ɗan sararin sama kamar faifai. Babu ƙofar da ke shiga wurin, ko daga hawanmu ko daga wani. An bar shi ne don iska ta riƙa shiga tagogi, shi ke nan.

Na kamo Inna ta dafa tagar. Ta dubi ƙasa, ta dubi sama, ta sake duban ƙasa.

"Allah shi sa albarka," ta ce. "Allah shi sa a shiga a sa'a."

Na ja Yaya waje bakin matakala, raina a ɓace.

"Ka sani?"

"Ranar da aka ba ni makulli na gani."

"Shi ne ka bari ta yi bankwana da gari? Ka bari ta ba da awakinta?"

"To me zan ce mata? Na je wurinsu na yi faɗa, suka ɗauko takardar suka ce ga *cour* nan, ba a yi maka ƙarya ba. Har dariya ɗaya daga cikinsu ya yi mini." Ya goge fuska da hannu. "Na ce wataƙila in ta zo ta saba. Kuma ke ma na ga kin gaji."

Na buɗe baki zan zage shi, sai na fasa. Ni ma ai na karanta kalmar nan, na kuma yi shekaru ina cewa akwai wurin shanya. Mu duka ba wanda ya taɓa ganin tsakar gidan da ba a takawa, balle ya nemi ƙofarta a zane.

Na ce zan ɗan kwana biyu kafin in juya, in ga ta zauna. Ta shimfiɗa sabuwar tabarma a falo kan tayil, ta ce sanyinsa na shiga mata ƙashi, aka sa bargo a ƙarƙashi. Turmin ko sau ɗaya ba a daka ba, don matar Yaya ta ce na ƙasa za su hau da faɗa. Ba mai shigowa da sallama. Maƙwabta ana jin motsinsu ta ramin nan, ana jin ƙamshin miyarsu, amma ba a ganin kowa. Inna takan zauna fuskarta ga bango, carbi a hannu, ba ta ja. In na ce Inna yaya dai, sai ta ce, "Lahiya lau. Gida ya yi. Yaushe za ki tahi? Mijinki na jira." Kullum sai ta tambaye ni yaushe zan tafi. Ni kuma, gaskiya, ina son tafiyar. Na riga na sayi tikitin mota.

Ana gobe zan tashi, bayan sallar asuba na ɗan koma barci. Da na farka hantsi ya yi, babu Inna a falo, babu ita a ɗaki, ƙofar waje a buɗe. Na sauka da gudu ba ko ɗankwali, ina kiran sunan Allah a kowane hawa.

A bayan ginin na same ta, gefen katanga, inda magina suka bar ragowar tulin yashi. Tana zaune a kai, ƙafafu a miƙe, rana na dukan bayanta, hannunta ɗaya nutse cikin yashin. Zanenta ya yi baƙi ta baya, ya yage a gefe. Maigadi ya ce da zaune ta sauko, tana jan jiki daga matakala zuwa matakala, ya so ya taimaka ta hana shi.

"Inna! Inna, so kike ki kashe ni?"

"Kar ki yi min ihu cikin mutane. Iska ni ka sha."

"Da wannan gwiwar? In kin faɗo fa?"

"Ban hwaɗo ba. Kin ga, ashe akwai wuri. In na gaji da sama sai in sabko nan in zamna, in an jima su ɗauke ni. Ke tahi gidanki, ɗiyata. Kin yi iya yinki."

Maigadin yana jin Hausa kaɗan kaɗan. Ya matso ya ce mini a hankali, kada Mama ta saba da wurin, don an ce sati mai zuwa za a kwashe yashin a zuba siminti, nan za a riƙa ajiye motoci.

Na tsaya ina kallonta. Gwiwoyin sun kumbura sun yi suntum, tana ta murza yashi a tafin hannu, tana yi mini murmushin ƙarfin hali don in tafi. Haushi ya kama ni, haushinta, haushin Yaya, haushin masu zane, haushin kaina. Na fashe da kuka a tsaye.

"Tashi mu tafi gida, Inna."

"Mijinki hwa?"

"Ki bar ni da mijina."

Yaya ya sauko ya same mu. Da na faɗa masa bai yi musu ba, ya zauna a kan wani bulo ya haɗa kai da gwiwa. Inna ba ta dube shi ba, ta ce mini in ce masa ya yi abin da ɗa ke yi, Allah ya yi masa albarka, ita ce dai ba ta iya ba.

Saura maigidana. Na ciro salula nan inda nake tsaye, don na san in na hau sama ba zan iya ba. Ya ɗauka da fara'a, ya ce ya sa an yi wa ɗakina farar ƙasa, ya samo wa yara wuri a lakwal, gobe ƙarfe nawa motar za ta tashi? Na faɗa masa komai, ramin, matakalar, yashin, da cewa zan koma buro in roƙi a bar ni a Malbaza.

"To," ya ce. "Sai yaushe ke nan?"

Amsa ɗaya ce tambayar take da ita, shi ya san ta, ni na san ta, kuma ba mai iya faɗi. Na ji ya ja numfashi zai gyara maganar, amma salular nan tawa mai ƙara ce, Inna ta riga ta ji. Ita da ba ta taɓa aika wa surukinta da saƙo ba, ta ɗago kai ta ce:

"Ki ce mishi shi yi haƙuri. Ba ni daɗewa."

"Inna, don girman Allah ki bari."

"To mi na ce?"

Muka dawo Malbaza da turmi da tabarmi. Maƙwabciya ta maido awaki ba tare da ta tambayi komai ba. Na je Ilela na ɗauko yara, na ci gaba da jiran mota a Tsarnawa ran Juma'a. Inna kuwa ta daɗe. Na gode wa Allah da ta daɗe, da zuciya ɗaya nake faɗi, kuma na gaji, wallahi na gaji.